Daga Tashar Bauchi zuwa Ruwan Wikki

Daga nan Pantami a cikin garin Gombe nake magana, kuma sharhin namu na yau a kan wata ɗabi'a ce da ta fara kama samarinmu. Sai ka ga yaro ya cusa 'yan komatsansa a jakar goyo, ya nufi tasha, ba biki za shi ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma saro kaya ba. In ka tambaye shi ina zuwa, sai ya ce maka zai je ya ga ƙasa ne. Iyaye da dama ba su gane wannan karatu ba. Wasu na cewa yawon banza ne, wasu na cewa kwaikwayon Turawa ne da aka gani a waya.

To, batun kwaikwayo dai ban yarda da shi ba, don ƙasar nan da muke kai ta san masu ɗaukar jaka tun kafin a san mota. A shekarar 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da dubban jama'a da niyyar hijira zuwa Makka. A Burmi, nan kusa da Bajoga, aka tare su, kuma a can ya yi shahada ranar 27 ga watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda yau akwai gari sukutum mai suna Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ban da su, alhazan ƙasa sun shekara da shekaru suna bin wannan hanya: Borno, Wadai, Darfur, a tsaya a yi noma ko ƙwadago a sami guzuri, a sake ɗaukar ƙunshi, har a isa Sawakin a shiga jirgin ruwa a haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Wani sai ya bar gida da saurin ƙafarsa ya dawo da furfura. Saboda haka yaron da ya goya jaka zuwa Tula ko Dutsen Bima bai ƙago komai ba. Abin da ya bambanta shi da kakanninsa kawai shi ne su suna da dalilin da kowa ya yarda da shi, shi kuwa dalilinsa gani ne, kuma Bahaushe da kansa ya ce gani ya kori ji.

A zamanin nan ma an yi. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya tuƙo babur daga Landan har Legas don wayar da kai a kan cutar shan inna. Amma ni ba irin wannan doguwar tafiya nake so mu duba ba. Wadda ke gaban yaron Pantami ita ce ta kwana biyu ko uku, wadda kuɗin aljihunsa zai iya ɗauka.

Mafarin tafiyar, kamar kullum, tasha ne. Wanda ya saba sammako zuwa Tashar Bauchi ta nan Gombe ya san yadda abin yake: ɗan kamasho na ihun saura mutum ɗaya tun motar ba kowa a ciki, mai shayi na fifita wuta, direba ya ɓace sai an cika a shiga nemansa. A nan sabon matafiyi ke fara gane cewa ya yi wa jakarsa lodin da ya wuce kima. Riga biyu sun isa, da gajeren wando, da darduma, da tocila, da gorar ruwa, da gidan sauro, da katin shaida. Takalmi kuma ya zama rufaffe, ba silifa ba, musamman ga mai niyyar hawan duwatsun Kaltungo da Tula, don ba a banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. A faɗa wa na gida inda za a da ranar dawowa. A tambayi direbobi halin da hanya take ciki a ranar da za a tashi, ba labarin makon jiya ba, domin wasu dazuzzukan yankin Alkaleri sun yi fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Tafiyar dare kuwa, a bar ta.

Idan aka kama hanyar Bauchi, aka wuce Alkaleri, sai a isa Dindima, inda ake karkata zuwa gandun dajin Yankari. Daga nan zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji kusan kilomita 29 ne, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki kuma sai an ƙara wajen kilomita 42 a cikin daji. Wannan ne ya sa samari ke haɗa kuɗi su ɗauki mota shata, don mutum ɗaya abin zai yi masa tsada. An keɓe dajin ne a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye, akwai ɓauna, akwai gwanki, sai dai ganinsu sa'a ce, kuma an fi dacewa da rani lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Waɗanda ba sai an yi sa'a ba su ne birai. Su za su tarbe ka, kuma in ka ajiye leda mai burodi ka juya baya, to ka yi sadaka ba da niyya ba.

Amma abin da ya sa na kawo mu nan shi ne ruwan Wikki.

Ana gangarawa ta matakala, sai ga shi kwance a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse. Ɗuminsa daraja 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, damina da hunturu. An ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 kowace rana, yana malala zuwa kogin Gaji. Ƙasansa farin yashi ne, kuma garau yake, kana tsaye a ciki kana ƙirga yatsun ƙafarka. Ga mutumin da duk ruwan da ya sani a rayuwarsa jan ruwan kwari ne da na kududdufi, wannan kaɗai abin kallo ne. Wurin da ya fi zurfi, can kusa da dutsen, yana iya shanye dogon mutum, amma mafi yawansa iya ƙugu ne zuwa ƙirji.

Na raka ɗan yayata da abokansa can, kuma ɗaya daga cikinsu ya zo da kayan leƙen ƙarƙashin ruwa da wani ya kawo masa tsaraba. Kayan ba su da yawa: gilashi mai bakin roba da ke rufe ido da hanci, sai wani lanƙwasasshen bututu da ake cizawa a baki, ɗaya ƙarshen yana sama da ruwa a bayan kai. Mutum ya kwanta rubda ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta bututun yana kallon ƙasa. Ba nutso ba ne. Masu yawon duniya da jakar goyo suna yin sa a gaɓar Ostireliya da Masar da Zanzibar, su biya kuɗi mai yawa don su ga kifi da murjani.

Ɗan yayar tawa ƙato ne, ɗan ƙwallo, ba ya jin tsoron kowa a filin wasa na Pantami. Ya sa gilashin, ya ciji bututun, yana tsaye a inda ruwa bai wuce cibiyarsa ba. Ya sunkuya. Goshinsa na taɓa ruwa ya zabura ya miƙe, ya fizge bututun, yana haki, idanu sun yi jajur a bayan gilashi. Abokai suka fashe da dariya. Ya ce, "Kawu, wallahi numfashina ne ya ɗauke." Na ce masa ba abin da ya ɗauke, ga bututun nan a buɗe. Ya ce shi dai ya ji kamar an shaƙe shi.

Mai kayan ne ya yi dabara. Ya ce kowa ya yi shiru, ya sa shi ya tsaya a miƙe, kansa a waje, ya yi ta numfashi ta bututun har ya saba da ƙarar, don in ka ciji abin nan numfashinka sai ya riƙa yi maka gurnani a kunne kamar zugazugin maƙeri. Daga nan ya ce ya dafa kafaɗarsa, ya sa haɓa kaɗai a ruwa. Sai baki. Sai gilashin. Muna kallon bayansa yana ɗagawa yana sauka da sauri, sannan a hankali ya lafa. Can sai muka ga ƙafafunsa sun bar yashi da kansu, ya miƙe a saman ruwa, hannunsa ɗaya har yanzu riƙe da abokin. Da ya ɗago bai ce komai a kan tsoro ba. Cewa ya yi, "Kai, ashe yashin nan motsi yake yi!" Ya ga inda ruwan ke tura ƙwayoyin yashi, ya ga 'yan ƙananan kifaye suna zagaya ƙafar abokinsa. Sai da aka yi da gaske aka karɓi gilashin daga hannunsa.

Masu sauraro, wannan firgita da ta kama shi ba ragwanci ba ce, kuma ba iska ba ce. Jikin ɗan Adam ya saba shaƙa ta hanci, to ga hanci an toshe, ga fuska a ruwa, sai ƙwaƙwalwa ta buga ƙararrawa. Mutum ya shiga numfashi sama sama da sauri, kuma a nan matsalar take, domin iskar da ka fitar ba duka take barin bututun ba. In numfashin gajere ne, iskar da ka riga ka yi amfani da ita kake sake zuƙowa, sai ka ji kamar ba ta isarka, sai tsoron ya ƙaru. Maganinsa dogon numfashi a natse. Wannan dalili, da kuma nauyin ruwa a kan ƙirji, su suka sa ba a yin bututun da tsawo; bai cika wuce tsawon kamu ɗaya ba. In ruwa ya shiga ciki, a hura da ƙarfi sau ɗaya ya fita. Gilashin kuwa amfaninsa shi ne ya bar iska tsakanin ido da ruwa, don idonmu ba ya gani sosai sai ta cikin iska. Abin da ka hango zai yi maka girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa, shi ya sa ɗan kifi ke zama babban labari in an dawo gida. Wani abin da mutane ba su sani ba: huhu cike da iska yana ɗaga mutum. Wanda ya kwanta ya saki jiki yakan taso. Wanda ya ɗaga kai yana kokawa, ƙafafunsa ne ke yin ƙasa.

Daga ina tsoron ya samo asali? Mu a Gombe ruwa ba abokin wasa ba ne. Garin a kan yashi yake, ga kwaruruka sun ratsa unguwanni, da rani a bushe ƙayau yara na buga ƙwallo a ciki, da damina kuwa a yi ruwan awa guda su cika su tumbatsa su tafi da abin da suka samu. Kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ruwa ya ci. Uwa ba ta da wata dabara sai ta tsoratar: kada ka je, akwai mutanen ruwa, za su ja ƙafarka. Ban ga laifinta ba, da abin da take da shi ta yi kariya. Sai dai tsoratarwa tana hana yaro zuwa bakin ruwa ne kawai muddin ana ganinsa. Ranar da ya girma ya shiga kwalekwale zuwa kasuwa ko biki, ko ambaliya ta same shi a cikin ɗakinsa, labarin mutanen ruwa ba zai fisshe shi ba. Iya ruwa fid da kai, in ji masu iya magana, mu kuwa mun riƙe karin maganar mun bar iyawar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. A shekarar 2021 ɗin ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga watan Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Mu ba sai an kawo mana lissafi daga waje ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, kuma yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum ɗari suka halaka suna dawowa daga ɗaurin aure. Lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, duk suna ciki. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai jama'a masu yawa da ba su taɓa sanin yadda ake kwanciya a saman ruwa na minti biyar kafin taimako ya iso ba.

Kada wani yaro ya ji wannan sharhi ya ce to shi ke nan, gobe sai Dadin Kowa. A'a. Ruwan Wikki daban, ruwan dam daban. Madatsar Dadin Kowa, wadda ke kan kogin Gongola kimanin kilomita 37 gabas da nan, ita ke shayar da garin Gombe, amma ba wurin koyon iyo ba ce. Ruwan a gauraye yake, ko ka sa gilashi ba za ka ga tafin hannunka ba. Akwai zurfi na ba zata, akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai dorinar ruwa da manoman yankin suka sha kuka da ita. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwan da ba ya gudu ta huda fata ba tare da ka ji ba, sai daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Jin tsoron irin wannan ruwa hankali ne. Wanda ya je can ya je ya ci soyayyen kifi, ya yi hoto, in zai shiga jirgi ya nemi rigar kariya ya ɗaura, ko da 'yan jirgin za su yi masa dariya.

Ko a Wikki ma akwai ƙa'ida. Ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, gilashi da bututu ba sa mai da kowa gwani. Kada a yi gasar riƙe numfashi, musamman irin wadda ake fara zuƙar iska da sauri kafin a nutsa, don mutum na iya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da wata alama ba. Sannan a sani, wanda ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Shiru yake yi, kai a karkace baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na dukan ruwa. In ka ga haka kuma ba ka iya ceto ba, kada ka faɗa masa, zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda, ko rawani, ko ka jefa masa jarka rufaffiya.

Jarkar nan ma ba sabuwar hikima ba ce. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ga masunta a kogin Matan Fada kowa kwance a kan ƙaton gora, da homa a hannu. Ga rigar kariyarmu ta gargajiya nan. A wasannin Kabanci na bikin har gasar nutso ake yi da kamun kifi da hannu. Ke nan sanin ruwa yana nan a cikin Hausawa, sai dai mun bar shi ya zama gadon gidan masunta da Sarkawa, sauran jama'a kuma muka tsaya a gaɓa. Alhali malamanmu suna yawan kawo wasiyyar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Doki muna hawa ranar sallah. Iyon fa?

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'ya mata. Yaro namiji ko ba a so yakan saci jiki ya je rafi, ya sha ruwa ya sha duka har ya iya. Yarinya ba ta da wannan hanya, ga kunya, ga rashin wurin da ya dace, amma in jirgi ya kife ita da ƙannenta da ke goye ne a ciki. Wuraren iyo da ke garin nan galibi na otal ne, kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka, kuma ba uban da zai tura 'yarsa can. Ba abin da zai hana gwamnatin jiha, ko masu hannu da shuni da ke gina makarantu, su samar da wurin iyo mai katanga, mai tsabta, a ware ranakun mata da malamai mata da suturar da ta dace. Makarantun Islamiyya da na boko su riƙa kai ɗalibai aji aji. Ba gasa ake nema ba. Yaro ya iya kwanciya a saman ruwa, ya iya juyawa ya yi rigingine ya huta, ya iya kai kansa gaɓa daga nisan 'yan mitoci, ya wadatar.

Su kuma samarin jakar goyo, tunda su ne suka fara fita suna gani, nauyin ya fara hawa kansu. Wanda ya iya ya koya wa ƙaninsa, a ruwan da ya san zurfinsa, da izinin iyaye, ba da dariya da turawa ba. Ɗan yayar nan tawa yanzu maganarsa ita ce in Allah ya kai shi Umara, zai nemi inda ake shiga Bahar Maliya a Jidda ya ga murjani da idonsa, tunda an gaya masa ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum. Na ce masa ya fara gama koyon iyo tukuna, kuma ya tara kuɗin kansa, don kawunsa ba shi da su.